Yadda Ake Goge Bayanai Daga Faifan Kwamfuta Kafin a Sayar ko a Yar

Kwamfutar da ta yi shekaru tana aiki a ofis, ko a shagon buga takardu, ko a hannun ɗalibi, takan tara abin da mai ita ma ya manta da shi: hoton takardar NIN, lambar BVN, bayanan asusun banki, takardun fili, sakamakon gwajin asibiti, hotunan iyali, da kalmomin sirri da burauza ta adana. In za a rabu da ita, abin da aka saba shi ne a share fayil-fayil, a yi fomat na minti ɗaya, a miƙa wa mai saye. To, duk waɗannan bayanai suna nan daram a cikin faifan ajiya, wato had-dis.

Dalili kuwa shi ne, kwamfuta tana riƙe da jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake zaune a kan faifai. In ka share fayil, sunansa kawai ake cirewa daga jadawalin, a rubuta cewa gurbinsa ya zama fanko. Kamar mai sito ne ya soke sunan mai kaya daga littafinsa, alhali buhunan suna jibge a ciki har ranar da aka kawo wasu aka maye wurin. Fomat na gaggawa ma sabon jadawali kawai yake shimfiɗawa. Manhajoji na kyauta irin su Recuva da PhotoRec ba sa buƙatar jadawalin. Suna bin faifan gurbi-gurbi suna tsinto hotuna da takardu, kuma duk yaron shagon gyara zai iya sarrafa su.

An gwada wannan a aikace. A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat na jami'ar MIT a Amurka suka wallafa sakamakon faifai 158 na hannu da suka saya: 129 ne ke aiki, 12 kacal aka goge yadda ya kamata, sun kuma tsinci dubban lambobin katin banki a cikin sauran. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga jami'ar British Columbia ta Kanada suka sayi faifai a kasuwar tsofaffin kayan lantarki a Ghana a kan dala 40, suka tarar da takardun kwantiragin kamfanin ƙera kayan yaƙi na Northrop Grumman da gwamnatin Amurka a ciki. Yadda bayanan wasu ke shigowa kasuwanninmu cikin kwamfutocin gwanjo, haka namu ke fita ta hannun dillalai da 'yan jari-bola.

Kafin a taɓa komai

Ka kwafe abin da kake so zuwa wani faifan, sannan ka buɗe fayil goma ko ashirin daga cikin kwafin ka tabbatar suna buɗewa. Gogewar da za a yi ba ta da gyara. Ka fita daga asusunka na Microsoft, Google da iCloud, ka cire kwamfutar daga jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinka. Ka duba ko an bar katin memori a raminsa.

Daga nan sai ka san irin faifan da ke gabanka, domin a nan hanya ta rabu biyu. Akwai mai faranti, HDD, wanda ke juyawa yana 'yar ƙara, yana rubutu da maganaɗisu. Akwai SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, ƙwayoyin ajiya ne a kan allon lantarki. Wani na shigen akwatin inci 2.5, wani siriri ne kamar ɗan yatsa, shi ne M.2, kuma yawancin na yanzu NVMe ne, wato masu sabon mahaɗi mai sauri maimakon tsohon mahaɗin SATA. A Windows ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, za ka ga an rubuta HDD ko SSD a gefen kowane faifai. Laftof da yawa suna ɗauke da biyu, SSD na Windows da HDD na ajiya, sai a goge ɗaya a manta da ɗayan.

Ka duba lafiyar faifan da CrystalDiskInfo, ko da `smartctl -a /dev/sdX` a Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, inda za ka sa harafin faifanka a madadin X. Layi biyu ne abin dubawa a HDD: mai lamba 5, wanda ke ƙirga guraben da suka lalace aka sauya su, da mai lamba 197, na waɗanda ke jiran a sauya. Gurbin da faifai ya yi watsi da shi, rubutu na yau da kullum ba ya sake kai wa gare shi, abin da ke ciki yana nan. In lambobin sifili ne ko kaɗan, ci gaba. In sun kai ɗaruruwa, ko faifan yana ƙas-ƙas, kada ka ɓata wutarka, ka tsallaka zuwa batun fasawa.

Sai wuta. Aikin HDD kan iya kai awa uku ko fiye, kuma in aka ɗauke wuta a tsakiya sai an koma farko. A wata hanyar ma faifan kullewa yake yi. Laftof mai batir mai kyau a jone da caja, ko kwamfutar tebur a kan UPS ko inbata, shi ne daidai. A ƙarshe ka zare duk wani faifai da filas da ba su za a goge ba. Mafi yawan asarar da ake yi a wannan aiki daga zaɓen faifan da ba shi ba ne.

Faifai mai faranti: a rubuta sifili a kan kowane gurbi

Maganin HDD shi ne a danne tsohon rubutu da sabo tun daga gurbin farko har na ƙarshe. Sau nawa? Sau ɗaya ya isa, in dai ya kammala kuma an duba. Za ka ci karo da masu cewa sai sau 3, ko 7, ko 35. Sau 35 ɗin ya samo asali ne daga takardar da Peter Gutmann ya rubuta a 1996 game da faifan wancan zamani, kuma shi da kansa daga baya ya bayyana cewa bin duka 35 ɗin a kan faifan zamani ba shi da amfani. Ƙa'idar hukumar tsara ma'aunai ta Amurka, NIST, mai lamba 800-88, wadda kamfanoni ke dogara da ita, ta amince da zagaye ɗaya ga irin wannan faifai. Faifan terabait 1 da ke cin awa uku a zagaye guda, zagaye 35 zai cinye fiye da kwana huɗu, ba tare da ya ƙara komai ba sai zafi da kuɗin mai.

In faifan na waje ne, ko na biyu ne a cikin kwamfutar, Windows kaɗai ta wadatar. Ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

`diskpart`
`list disk`
`select disk 1`
`detail disk`
`clean all`

Lambar 1 misali ce. Ka sa lambar faifanka. Umarnin `detail disk` zai nuna sunan kamfani da samfurin faifan da ka zaɓa, ka karanta da kyau kafin ka wuce. Ka kuma lura da bambancin `clean` da `clean all`. Na farkon cikin daƙiƙa yake gamawa domin teburin rabon faifai kawai yake sharewa, bayanai na nan. Na biyun ne ke cika faifan da sifili. Ba ya nuna ci gaban aiki ko kaɗan, allon zai tsaya cik kamar ya maƙale. Kada ka rufe shi. In kana son tabbaci, Task Manager zai nuna maka faifan yana rubutu.

Windows ba za ta yarda ta goge faifan da take zaune a kai ba. In shi ne ake so, sai ka tada kwamfutar daga filas ɗin saka Windows, da allon farko ya bayyana ka danna Shift da F10 tare, baƙin allo zai buɗe, ka bi umarnin da ke sama. A nan lambobin faifai kan sauya, filas ɗin ma yana cikin jerin, don haka ka gane naka da girmansa.

Ga mai faifai da yawa, kamar ofis ko shagon gyara, ShredOS ya fi. Ƙaramin Linux ne da ke tashi daga filas kai tsaye zuwa manhajar nwipe. Shi ya gaji DBAN, wanda tun 2015 ba a sabunta shi ba, kuma yakan ƙi tashi a kwamfutocin zamani. Ka sauke hoton ShredOS, ka rubuta shi a filas da Rufus ko balenaEtcher. Ka kunna kwamfutar kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. In ta ƙi, ka shiga BIOS, wato allon saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe Secure Boot. A cikin nwipe za ka ga jerin faifai da lambobinsu na siriyal. Maɓallin tazara ne ke zaɓa, M na sauya hanyar gogewa, ka ɗauki Fill With Zeros ko PRNG Stream zagaye ɗaya, ka bar tantancewar ƙarshe a kunne, sannan Shift da S su fara aiki. Yana nuna gudu da lokacin da ya rage, kuma sababbin fitowarsa suna fitar da takardar shaida ta PDF.

Wanda ya saba da Linux, `lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL` zai nuna masa faifan, sai:

`sudo dd if=/dev/zero of=/dev/sdX bs=4M status=progress`

A rubuta sunan faifan gaba ɗaya, kamar sdb, ba sdb1 ba, wanda yanki ɗaya ne kawai. In ya ƙare zai ce babu sauran wuri a na'urar. Ba matsala ba ce, alamar ya kai ƙarshe ke nan.

Lissafin lokaci ba wuya. Faifai mai faranti a haɗe da wayar SATA yana rubuta megabait 80 zuwa 150 a daƙiƙa, don haka gigabait 500 kan ci awa ɗaya zuwa biyu, terabait 1 kuwa awa biyu zuwa uku da ɗoriya. In ka jona shi ta USB 2.0, gudun bai wuce megabait 35 ba, terabait 1 zai kai awa takwas. Ka nemi ramin USB mai launin shuɗi, ko ka sa faifan a cikin kwamfutar tebur. A lokacin zafi ka kunna masa fanka. Faifan da ya haura maki 55 na ma'aunin Celsius yana dab da fara kuskure.

Akwai wani lungu da ba kowa ya san da shi ba. Wasu faifan suna da yankin da aka ɓoye wa Windows da Linux, ana kiransa HPA. Umarnin `sudo hdparm -N /dev/sdX` zai nuna lambobi biyu. In sun yi daidai, babu ɓoyayyen yanki. In sun bambanta, sifilin da ka rubuta bai kai can ba, sai ka ƙara da umarnin gogewa na faifan kansa da za a yi bayaninsa a sashen SSD, nau'insa mai zurfi, wanda aka tsara shi ya shafi har guraben da aka yi watsi da su.

SSD: shi zai goge kansa

A nan ne masu gyara da dama ke kuskure, suna yi wa SSD irin aikin HDD. SSD ba ya rubutu a inda aka ce ya rubuta. Ƙwayoyinsa suna da iyakar yawan rubutun da za su ɗauka, saboda haka kwakwalwar da ke cikinsa tana rarraba rubutu ko'ina don kada wani wuri ya riga wani mutuwa. In ka ce a danne gurbi kaza, sai ta rubuta a wani sabon wuri, ta bar tsohon har sai ta samu sarari. Ban da haka, kowane SSD yana da rarar ajiya da kwamfuta ba ta gani, kashi 7 cikin 100 ko fiye. Cika shi da sifili yana share mafi yawa, amma babu tabbacin ya share duka, maimaitawa kuma rage masa kwana ne.

Abin yi shi ne a ba kwakwalwar tasa umarni ta wanke ƙwayoyin gaba ɗaya. Hanya mafi sauƙi tana cikin BIOS: kwamfutocin ofis na Dell suna da Data Wipe, na HP suna da Secure Erase, ThinkPad na Lenovo na baya-bayan nan ma suna da nasu. In babu, akwai manhajar kamfanin da ya ƙera shi, kamar Samsung Magician, Kingston SSD Manager ko Crucial Storage Executive. In duk ba a dace ba, sai Linux daga filas.

Ga SSD mai SATA, fara da `sudo hdparm -I /dev/sdX`, ka duba sashen tsaro a ƙasa. Sau da yawa za ka ga kalmar frozen ba tare da not a gabanta ba. BIOS ne ya daskarar da umarnin don kada wata muguwar manhaja ta yi amfani da shi. Maganinsa a sa kwamfutar barci da `systemctl suspend`, a tashe ta, a sake dubawa. Da ya nuna not frozen, sai:

`sudo hdparm --user-master u --security-set-pass p /dev/sdX`
`sudo hdparm --user-master u --security-erase p /dev/sdX`

Layin farko ya sa wa faifan kalmar sirri ta wucin gadi, harafin p. Na biyu ya yi gogewar ya kuma cire kalmar. Nau'i mai zurfi shi ne `--security-erase-enhanced`, in faifan ya nuna yana karɓa. A SSD minti ɗaya ko biyu ne, a HDD awoyi ne. Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Na ɗaya, yin sa ta akwatin USB: da yawansu ba sa isar da umarnin daidai, sai faifan ya karɓi kalmar sirri, gogewar ta gaza, a bar ka da kullallen faifai. Ka jona shi da SATA kai tsaye. Na biyu, ɗaukewar wuta a tsakiya, wadda ita ma kulle take bari. In hakan ta faru, `--security-unlock p` sannan `--security-disable p` sukan buɗe shi, shi ya sa ake zaɓar kalmar da ba za a manta ba.

NVMe nasa umarnin daban. `sudo nvme list` zai nuna shi. In bai fito ba, ka shiga BIOS ka mayar da tsarin faifai daga RAID ko Intel RST zuwa AHCI. Sannan:

`sudo nvme sanitize /dev/nvme0 --sanact=2`

Wannan yana wanke kowace ƙwaya har da rarar, kuma ko wuta ta ɗauke, da ta dawo zai ci gaba daga inda ya tsaya. Umarnin yana dawo maka da allo nan take alhali aikin na gudana a ciki, don haka ka duba da `sudo nvme sanitize-log /dev/nvme0` har ya nuna an kammala. In faifan bai san wannan umarni ba, `sudo nvme format /dev/nvme0n1 --ses=1` ne madadinsa.

Kwamfutocin Mac masu guntun T2 ko Apple silicon kullum bayanansu a kulle suke da mabuɗin sirri, don haka zaɓin Erase All Content and Settings, wanda ya zo da macOS Monterey a 2021, yana lalata mabuɗin, abin da ya rage ya zama tarkacen da ba ya karantuwa. Haka BitLocker, tsarin kulle faifai da mabuɗin sirri, yake a Windows, da sharaɗin an kunna shi tun kafin a fara zuba bayanai. Wanda ya kunna shi yau don zai sayar gobe, tsofaffin kwafi na iya saura a rarar SSD.

Zaɓin Reset this PC na Windows fa? In ka ɗauki Remove everything, ka shiga Change settings ka kunna Clean data, ya fi fomat nesa ba kusa ba, kuma ya isa ga kwamfutar da za ka ba ƙaninka. Microsoft da kanta ta ce bai cika ƙa'idar gogewa ta hukumomi da kamfanoni ba. Ga faifan asibiti, makaranta ko ofishin lauya, ba za mu tsaya a kansa ba.

A duba, kada a ɗauka

Saƙon "an gama" ba hujja ba ne. A 2011 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka gwada SSD iri-iri, suka samu waɗanda umarnin gogewarsu bai yi aiki daidai ba, har da wanda ya ce ya goge alhali komai na nan. Na yanzu sun fi inganci, amma kasuwa cike take da SSD marasa suna masu araha.

Ga HDD da aka cika da sifili, `sudo cmp /dev/zero /dev/sdX` zai karanta shi duka. In abin da ya faɗa kawai shi ne ya kai ƙarshen faifan, to sifili ne zalla. Yana cin lokaci kwatankwacin na rubutun. A Windows, manhajar HxD na nuna abin da ke rubuce a kan faifai ɗanye: ka duba farko, tsakiya, ƙarshe da wurare da dama a tsakani. SSD da aka goge zai iya nuna 00, ko FF, ko haruffa barkatai in mabuɗi aka sauya. Abin da ba a so a gani shi ne kalmomi masu ma'ana. Daga nan ka saki PhotoRec a kansa, wato ka yi abin da mai neman asirinka zai yi. In ya tsinto ko da hoto ɗaya naka, aikin bai yi ba.

Ofis ya ajiye rajista: lambar siriyal, ranar gogewa, hanyar da aka bi, wanda ya yi da wanda ya duba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma miƙa aikin ga ɗan kwangila ba ya sauke nauyin. A 2022 SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, bayan kamfanin kwasar kaya da ya ɗauka ya sayar da faifansa ba a goge ba, da bayanan abokan hulɗa a ciki. A sa injin kwafi na ofis da akwatin kyamarar tsaro a cikin lissafi, domin manyansu duk suna da faifai.

In faifan ya mutu, ko sirrin ya fi kuɗinsa

Faifan da kwamfuta ba ta gani ba ya goguwa, amma sau da yawa farantinsa lafiya lau yake. Mai kayan aiki zai sauya allon lantarki ko kan karatu ya kwashe komai. Saboda haka cire koren allon da ke bayansa bai isa ba. Jiƙa shi a ruwa ba ya taɓa rubutun maganaɗisu. Maganaɗisun lasifika ma wasa ne, domin a cikin faifan kansa akwai wanda ya fi shi ƙarfi, yana zaune kusa da farantin shekara da shekaru. Ƙonawa kuwa hayaƙi mai guba ne, farantin kuma yakan fita da sauransa.

Ka nemi sukundireba mai bakin tauraro, T8 ga babban faifai na inci 3.5, T6 ga na laftof. Akwai noti ɗaya ko biyu a ɓoye ƙarƙashin takardar da ke manne a murfi, ka laluba da yatsa ka huda. Ka ciro farantan, wani faifan ɗaya ne, wani har huɗu ko fiye. Na babban faifai galibi alminiyam ne: ka goge fuska biyun da takarda mai yashi ko injin gurza ƙarfe har ƙyallin ya tafi, sannan ka lanƙwasa shi da guduma. Na laftof sau da yawa gilashi ne ko da ya yi kama da ƙarfe, yana tarwatsewa ya yi tsini, don haka ka naɗe shi a tsumma mai kauri, ka sa tabarau da safar hannu kafin ka buga. In babu lokacin kwancewa, ka ɗaure faifan a kan katako ka huda shi da injin huda mai bakin milimita 6 zuwa 8, huda uku ko huɗu a wurare daban-daban kewaye da tsakiyar farantin, kowace ta fita ta baya.

SSD kuwa huda akwatinsa ba ta wadatar ba, domin a wasu allon bai kai rabin akwatin ba, sai ka huda iska. Ka buɗe shi, ka nemi baƙaƙen ƙwayoyi masu kusurwa huɗu a fuska biyu na allon, ka fasa kowace ɗaya da ƙusa da guduma har ta rabu gida-gida. Ƙananan laftof masu ajiyar eMMC, ƙwayar a liƙe take da babban allon kwamfutar, ita za ka nema ka fasa. Murfi, gangar alminiyam da maganaɗisun ciki babu bayani a jikinsu, ana iya sayar wa 'yan jari-bola a kilo. Tarkacen faranti da ƙwayoyin kuma a raba su gida biyu ko uku, a zubar a lokuta daban-daban.